Tafin Hannun Baba a Bangon Zaure

Gidanmu na Roni yana da zaure na ƙasa, kuma har yau yana nan tsaye da ƙafarsa. Na fara da wannan ne don kada wani ya zaci labarin rushewa zan ba shi. Kakanmu ne ya gina shi a gindin dutse, ƙofarsa tana kallon gabas. Sauran gidan duk ya koma bulo da kwano tuntuni, mu da kanmu muka mayar da shi haka, kuma ba na nadama, don ni ma ba na ƙaunar ɗakin da zan kwana ina tare yoyo da roba. Zauren kaɗai aka bari, saboda a nan Baba yake zama da abokansa.

Duk shekara idan bazara ta kama, kafin ruwan farko, akan yi masa yaɓe. A ɗebo jar ƙasa daga kududdufin bayan gari, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta tsima, sannan magina su zo su bi bangon da hannu tun daga sama har ƙasa. Mu mata aikinmu a ranar tuwo ne da kunu, da leƙe ta bayan ƙyaure. Idan an gama, akwai wani wuri a hannun dama na ƙofa, daidai kafaɗar mutum, inda mai gida yake danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓe. Al'adar gidanmu ce, ban ce ta garin ba ce. Na bara ya shafe, na bana ya hau kansa. Kakanmu ya yi har ya koma ga Allah, Baba ya ɗora daga inda ya tsaya, kuma ban taɓa jin wani ya zauna yana yi wa abin dogon bayani ba.

Sai na faɗi yadda Baba yake da Yayanmu, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Yaya shi ne ɗan fari, gidanmu kuwa gidan kunya ne, da ma akwai jinin Filani ta wajen mahaifiyar Baba. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba. "Wancan" yake ce masa, bayan ya kama aikin gwamnati a Dutse kuma ya koma "mutumin Dutse". Ban taɓa ganin ya dafa kansa ba, ban taɓa ganin sun yi musabaha ba. Yaya zai zo gaisuwa ya durƙusa daga bakin ƙofa, Baba ya amsa idonsa yana kan carbinsa. Ni kuwa auta ce, a cinyarsa na girma ina ja masa gemu, kuma Allah ya yi ni da baki. Aure ya kai ni Kazaure, na yi koyarwa a can har na yi ritaya, amma Roni ba nisa, ga mota ga babur. Don haka duk maganar da ke tsakanin su biyun ta bakina take bi. Baba ya ce in gaya wa wancan, Yaya ya ce in tambayar masa Baba. Haka na tsufa ina kai kawo tsakanin mutane biyu da ke son juna.

Wata shekara Yaya ya zo da baƙuwa, wata Baturiya mai binciken gine-ginen ƙasa, wani abokin aikinsa ne ya haɗa su. Ba zan ci naman matar nan ba, mutuniyar kirki ce. Ta yafa gyale, ta durƙusa ta gaishe da Baba, ta ci tuwon dawa da hannu har ta nemi ƙarin miya. Da yake Yaya ba zai iya sakin baki a gaban Baba ba, ni na zama tafinta.

Ta daɗe tana shafa bangon, tana ɗaga kai tana kallon azara, sannan ta tambaye ni wane ɓangare ne na zamanin kakanmu. Na ce duka. Ta ce ba haka take nufi ba, tana nufin wace ƙasa ce hannunsa ya taɓa. Na ce ai wannan tana ciki, yaɓe ya hau kan yaɓe, wadda ruwa ya wanke kuma ta gangara ta koma kududdufi, mu kuma daga can muke sake ɗebowa. Ta yi dariya, ta ce a garinsu ba haka ake lissafi ba. Akwai wata tsohuwar ganuwa ta dutse a can, rabinta ya zube, amma ba wanda ya isa ya ƙara mata dutse ɗaya sabo. Idan gyara ya zama dole, sai a sa sabon ya bambanta da tsohon, don kada mai kallo ya ruɗu. A wurinsu, in ji ta, abu yana zama na asali ne idan shi ne ainihin wanda mutanen da suka taɓa.

Na tambaye ta ko haka suke barinta a karye suna kallo, ta ce haka ne. Na ce to a nan idan aka ga bangon gida ya zaizaye ba a yaɓe ba, cewa za a yi masu gidan sun ƙare, ko kuwa 'ya'yan ba su da zuciya. Ba ta ji haushi ba. Ta ce ai ba duk duniya ce take bin ra'ayinsu ba, can gabas mai nisa akwai mutanen da suke warware ɗakin ibadarsu na katako bayan wasu shekaru, su sake gina shi da sabon katako, kuma su ce shi ne dai na da, tunda yadda ake yin sa bai canja ba. Na ce waɗannan danginmu ne, ki gaishe su. Da za ta tafi ta tsaya a wurin tafin hannun, ta ɗauki hotonsa, ta ce shi ya fi komai burge ta, kuma da a garinsu ne da tuni an sa masa gilashi.

Duk hirar da aka yi, wannan ta ƙarshen ce kawai ta shiga kunnen Yaya. Ba a jima ba ya aiko kafinta daga Kazaure da gilashi a cikin katako, aka kafa shi a kan tafin hannun Baba. Sannan ya kira ni a waya ya ce in gaya wa Baba bana ba za a yaɓe bangon gaba ba, tarihi ne, dole a kiyaye shi yadda yake. Na kai saƙo. Baba ya ce, "To." Ni na san ire-iren "to" ɗin Baba, wannan ba ta yarda ba ce. Amma ba zai yi jayayya da ɗan fari ba, ko da ta bakina ne.

Damina ɗaya ta wuce, bangon ya ɗan yi kaushi, aka ce ba komai. Ta biyu ce ta tona asiri. Ruwa ya yi hanyoyi a jikinsa, ciyawar cikin ƙasar ta fito fili, gindinsa ya zaizaye inda indararo yake zuba. Shi kansa gilashin da safe sai ka ga ya yi gumi daga ciki, yatsun da ke bayansa sun fara marmashewa. Buzunsa kawai Baba ya ɗauke daga zauren ya mayar gindin darbejiya, abokansa suka bi shi, zauren ya zama wurin ajiye babura. A wani biki wata tsohuwa ta jawo ni gefe ta tambaye ni ko lafiya gidanmu, ta ga zauren malam ya koma haka. Wallahi na fi sati maganar nan tana cina.

Na kira Yaya na sauke masa kwandon faɗa. Ya ce ban san darajar abu ba, mutane suna tasowa daga wata duniya don su ga irinsa, mu kuma muna shafe shi da taɓo duk shekara. Na ce matar da yake kafa hujja da ita ba ta ce a bar bango ya faɗi ba, kuma ni na yi mata tafinta, ba shi ba. Ya ce ni dai da ma ba a kayar da ni a magana. Na ce gaskiya ce ba a kayarwa. Ya kashe waya.

Ina da maƙwabciya a Kazaure, Kirista ce daga kudu, tela ce, mun yi shekaru muna miƙa wa juna kwano ta kan katanga, Hausa kuwa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. Na je shagonta na zazzage mata komai, ina jiran ta taya ni. Ta ci gaba da taka keken ɗinkinta, sai da ta kai ƙarshen layi sannan ta ce a ƙauyensu ɗakin babanta yana nan a kulle tun rasuwarsa. Kujerarsa, hularsa, sandarsa, ba wanda ya gusar da ko ɗaya. Kabarinsa ma a tsakar gida yake, an yi masa siminti an rubuta sunansa. Idan ta je gida takan buɗe ɗakin ta dafa kujerar, ta ɗan zauna, sai ta ji sanyi a ranta. Na ce ai mu ba ma haka, kabarinmu tudun ƙasa ne, damina kaɗan ya baje, addu'a ce take bin mutum. Ta ce ta sani. Sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "Shi yayan naki, me yake da shi na babanku da zai dafa?"

A kan hanyar gida maganar ta dinga dawo mini, sai na tuna wani abu da na sha gani ban taɓa ba shi ma'ana ba. Tun Yaya yana ɗan sakandare, idan ya gama gaisuwa zai fita, yakan waiga ya ga ko akwai mai kallo, sai ya ɗora tafinsa a cikin na Baba a jikin bango, ya ɗan tsaya, sannan ya wuce. Har ya yi furfura bai daina ba. Ashe ba tarihi yake karewa ba, kuma ba Baturiya ce ta juya masa kai ba. Baba ya tsufa, kowa yana gani. Yaya yana tsoron ranar da za a yi yaɓe babu mai danna hannun, a shafe na ƙarshen, shi ke nan hannun da bai taɓa riƙe shi ba ya tafi har daga bango. Na tausaya masa ƙwarai, har na yi hawaye a cikin adaidaita.

Amma tausayi bai sa na canja ra'ayi ba. Bangon ƙasa ba dutse ba ne, idan ba a ciyar da shi ba mutuwa yake yi. Damina ɗaya ta gaba za ta iya kayar da shi, da gilashin da hannun gaba ɗaya. Kuma mai hannun yana da rai, yana zaune a gindin bishiya kamar baƙo a ƙofar gidansa.

Bazarar da ta biyo baya Baba ya yi ciwo, ya tashi amma jiki ya saki. Na je na zauna a gabansa na tambaye shi kai tsaye ko yana son a yi yaɓe. Ya ce in gaya wa mutumin Dutse zauren nasa ne yanzu, ya yi yadda ya ga dama. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan saƙon ba zan kai ba." Ya dube ni, bai yi faɗa ba. Daga nan na fita na sa aka ɗebo ƙasa aka kwaɓa, na yi magana da magina, sannan na kira Yaya na ce ranar Asabar za a yi yaɓe, idan yana son gilashinsa ya zo ya cire da hannunsa, don ba zan bari wani ya taɓa masa ba.

Ya zo da hantsi, fuska a murtuke. Ko ruwa bai sha ba ya kira ni bayan zaure. Na shirya wa tsawa, na tanadi amsoshi har sun yi mini yawa. Sai kawai ya tsaya yana kallon tulin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya ce a hankali, "Idan aka shafe wannan, me zai rage mini?"

Na ce, "Yaya, mai hannun yana cikin gida. Ba ka makara ba."

Ya karɓi abin kwance ƙusa a hannun magini ya cire gilashin da kansa. Yana ɗaga shi, wani ɓangare na wajen babban yatsa ya ɓantalo ya faɗi ƙasa, da ma gilashin ne yake tare da shi. Ya sunkuya ya tsince shi, ya naɗe a hankici ya sa a aljihu. Na gani, na ƙyale shi, wannan nasa ne. Ya koma gefe ya harɗe hannu, magina suka hau aiki, yana tsaye aka bi ta kan wurin da sabuwar ƙasa.

Bayan la'asar aka gama, bangon ya yi ja ya yi sumul, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ƙofar gida. Na shiga na riƙo Baba muka fito a hankali. Abokansa na gindin darbejiya sun taso, matan gida suna leƙe ta bayan ƙyaure kamar yadda muka saba. Baba ya tsaya a gaban wurin, ya ɗaga hannu. Bayansa ya ranƙwafa, wurin da yake daidai kafaɗarsa a da yanzu ya yi masa sama. Ya gwada ya kasa, ya sauke hannun. Na matsa zan ɗaga masa gwiwar hannu, sai ya ture ni kaɗan.

Yaya yana can nesa inda ya saba tsayawa. Baba ya juya ya dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Kai, matso nan."

Yaya ya waiga bayansa, don bai ɗauka da shi ake ba. Sannan ya tako, ya cire takalmi, ya zo zai durƙusa. Duk mun zaci Baba so yake ya tallafa masa hannu. Sai Baba ya kama wuyan hannun Yaya na dama, ya tura shi sama, ya manna tafin a ɗanyen yaɓe, ya ɗora nasa a bayansa ya danna da iyakar ƙarfinsa. Sun daɗe a haka. Ina ganin kafaɗun Yaya suna girgiza, mutumin da jikoki suke kira kaka. Da suka janye, tafin Yaya ne a bango, amma a tsakanin yatsunsa akwai 'yan ramuka inda kan yatsun Baba suka nutse.

Baba ya kalli abin, ya goge hannu a gefen rigarsa, ya ce masa, "Baɗi ka shafe shi, ka sa wani."

Washegari ya sa aka mayar masa da buzunsa zaure, babura suka koma waje. A nan ya yi daminarsa, yana zaune yana kallon ruwa yana sauka daga indararo, abokansa a gefensa. Ban ce kunyar ta ƙare ba, har ya bar duniya bai kama sunan Yaya ba. Amma daga ranar aikena ya ragu. Idan Yaya ya zo yakan shiga har ciki ya zauna a bakin buzun, su yi 'yar maganar gona da farashin taki, ni kuwa ina cikin gida ina jin daɗi, ba mai nemana. Bayan an gama girbi Allah ya karɓi abinsa.

Baturiyar ta yi mini ta'aziyya ta waya, don mun riƙe zumunci. Ta tambayi zauren, na ce an yaɓe shi, kuma za a ci gaba. Ta ce ko ina ganin har yanzu shi ne wanda kakanmu ya gina. Na ce shi ne mana, wa ya canja shi? Su riƙe ganuwarsu yadda suka ga ya dace da dutse, ban raina musu ba. Maƙwabciyata ma ta riƙe ɗakin babanta a kulle. Mu namu na ƙasa ne, da sabon hannu yake rayuwa.

Da bazara ta zagayo ban kira kowa ba, na zuba ido in gani. Yaya ne ya kira ni, ya ce ya sa an ɗebo ƙasa, in zo in kama tuwo. Ranar yaɓen, da magina suka iso gefen ƙofa, ya ce su dakata. Ya naɗe hannun riga, ya ɗibi ƙasar da kansa, ya tsaya yana kallon tafin nan mai ramukan yatsun Baba. Na ɗauka zai fasa, kuma da ya fasa a wannan karon ba zan yi masa faɗa ba. Sai ya yi bisimilla ya shafe shi, ya lallaɓa wurin har ya yi sumul, ya danna nasa shi kaɗai.

Na kawo masa ruwa a buta. Ina zuba masa na tambaye shi ko ya ɗauki hoton na bara kafin ya shafe. Ya ce a'a. Na ce haba Yaya, kai da ka sa gilashi. Sai ya janye hannun daga ƙarƙashin butar tun bai gama wankuwa ba, ya nuna mini wuyan hannunsa, ya ce, "Nan ya riƙe."